Kurajen Auta da Kwalbar Gwaggo

Akwai laifin da ban iya yafe shi da wuri. Mutum ya yi ɓarna da hannunsa, ya san sarai shi ya yi, sannan ya waiga ya nemi wanda ba shi da mai tsaya masa ya jingina masa. Irin wannan laifin Gwaggo ta yi, kuma ba ta sha ba. Ku biyo ni ku ji.

Saura kwana tara manyan Kafinta su je neman auren Mai Kitso, sai aka ce a dakata.

Shi da kansa ya kawo mata labarin. Ya shigo shagonta da la'asar, garin katako har a girarsa, ya tsaya bakin ƙofa kamar baƙo. Kullum in ya zo sai ya fara taɓa ƙafar kujerar da ya gyara mata, ya ce aikin gwani ba ya tsufa. Ranar bai ko dube ta ba.

"Ranka ya daɗe, yau kuma wa ya taɓa min kai?" in ji ta, tana wanke mataji a roba.

"Umma ta ce a dakata."

"A dakata da me?"

Ta dube shi ta madubi, matajin ya suɓuce ya faɗa ruwa.

"Saboda fuskar Auta ne," ya ce a hankali. "Gwaggo ta ce daga shagon nan ta ɗauko."

Auta ƙanwarsa ce, shekararta goma sha biyar. Shi ya fara kawo ta kitso don su saba da matar yayanta tun kafin a shigo da ita, suka kuwa saba. Duk Asabar ta biyu tana kan kujerar nan, tana zuba surutun makaranta. To wata huɗu ke nan fuskar yarinyar ta ƙi zaman lafiya. Kuraje su feso, su kwanta, su sake fesowa fiye da na baya. Har ta kai Auta ta yi mako ba ta je makaranta ba, don 'yan ajinsu sun sa mata suna.

"Cewa Gwaggo ta yi duk ranar da kika yi mata kitso, washegari suke tashi," in ji Kafinta. "Umma ta lissafa, ta ga haka ne. Kuma Gwaggo ta ce..."

"Faɗi mana."

"Ta ce a dubi fuskarki."

Mai Kitso ta kai hannu kumatunta. Shekararta ashirin da huɗu, amma tabon kurajen da ta yi tana 'yar sha huɗu yana nan, ƙananan ramuka da baƙi-baƙi. Ta matse su da farce a lokacin, don ba ta da uwar da za ta hana ta. Mahaifinta direba ne, shi kaɗai ya rene ta, bai san komai a kan fuskar 'ya mace ba.

Hawaye ya zubo mata.

"Kai ma ka yarda?"

"Wallahi ban yarda ba."

"To me ka ce musu?"

"Na ce ƙarya ne. Gwaggo ta ce an riga an shanye ni. Umma ta sa kuka, ta ce in zaɓa, ko lafiyar ƙanwata ko ke."

"Ai sai ka zaɓi ƙanwarka," ta ce. "Ni ma da ina da ƙanwa ita zan zaɓa. Amma ka sani, tawul ɗin da nake sa wa Auta daban yake, tafasa shi nake yi. Yarinyar nan ina jin ta kamar cikinmu ɗaya. A ce ni na ɓata mata fuska? Ni da na san zafin abin?"

Kafinta ya durƙusa gaban kujerar, babban mutum da shi, idonsa ya kaɗa.

"Ki ba ni lokaci."

"Lokacin me? Gwaggo ta daɗe tana yi wa ɗiyarta tanadinka, kowa ya sani. Yau ta samu ƙofa."

Ta share fuska da gefen mayafi, ta ɗauko makulli.

"Tashi. Kai ni wurin Umma."

* * *

Gwaggo ƙanwar mahaifinsu ce. Tun da ya rasu, ba a yanke magana a gidan sai da ita. Sana'arta haɗa man shafawa. Tana da ɗaki guda cike da robobi da cokula, ta matso wannan, ta zuba wancan, ta juya, ta ɗura a ƙananan kwalabe masu shuɗin murfi, babu suna babu rubutu. Matan unguwa har likitar fata suke ce mata, ita kuma tana amsawa. Tun ranar da ƙurji uku suka fito wa Auta a goshi, Gwaggo ce ke ba ta mai.

Suka same ta a falo, ta hakimce kan kujerar marigayi. Umma na gefe. Auta na lungu, ta ja mayafi har hanci.

Mai Kitso ta durƙusa ta gaishe su. Umma ta amsa a ciki. Gwaggo kuwa ta dube ta sama da ƙasa.

"Au, har gida? Kin zo ki ƙarasa ta ne?"

"Gwaggo, na zo ne in ji laifina."

"Kada ki ce min Gwaggo, ban haɗa komai da ke ba. Laifinki a fuskarki yake, kowa na gani. Ni ina gyarawa, ke kina ɓatawa. In ba ta mai ranar Litinin, fuska ta yi sumul kamar ta jariri. Ta je wurinki Asabar, Lahadi ta tashi kamar an watsa mata yashi. Sau nawa? Sau takwas! Ko ƙarya na yi?"

"Haka ne," in ji Umma, tana share ido. "Yarinya, ni ban ƙi ki ba. Amma dubi 'yata. Dube ta."

Ta janye mayafin Auta. Gefen baki da gefen hanci duk sun yi ja, ƙananan kuraje sun yi cincirindo, fatar tana sheƙi tana saɓa. Yarinyar ta rufe fuska da hannu ta fashe da kuka.

"Zafi take min, Anti. Kamar an shafa min wuta."

Mai Kitso ta daɗe tana kallon ta. Wannan ba irin nata ba ne na da, ta tabbata. Amma me ta sani? Akwai man gashin da take shafa wa Auta, mai kauri ne. In shi ne fa?

Ta juya ga Umma.

"Umma, ina roƙon abu ɗaya. Akwai likitar fata a babban asibiti, ranar Laraba take ganin mutane. A kai Auta. Zan kwaso duk abin da na taɓa sa mata a kai. In likita ta ce daga hannuna ne, ba sai an kore ni ba. Ni da kaina zan ce ban son auren."

"Ke!" in ji Kafinta.

"Na faɗa."

Gwaggo ta yi dariya har da tafi.

"Kun dai ji da kunnenku. Ni ma za ni, don kada a dawo a canza magana."

* * *

Laraba tun da hantsi su biyar suna kan bencin asibiti. Mai Kitso ta rungume kwandonta: man gashi, sabulun wanke kai, mataji, kibiya, har tawul. Sai wajen azahar aka kira su.

Likitar mace ce mai furfura, ba ta da yawan fara'a. Ta zaunar da Auta, ta kunna fitila, ta ɗauko gilashin ƙara girma. Ta duba goshi, ta duba kumatu, ta ɗaga haɓa ta gwada launin fuska da na wuya.

"Ciwo biyu ne a fuskar nan," ta ce. "Me ake sa mata a gashi?"

Mai Kitso ta miƙa robar man gashin. Likita ta lakata, ta murza a yatsa.

"Ya yi kauri. In yana gangarowa goshi yana toshe ƙofofin fata, zai iya ƙara mata na goshin."

"Kun ji ko!" Gwaggo ta miƙe tsaye. "Kun ji! Alhamdu lillahi!"

Mai Kitso ta dubi robar da ke gaban likita. Ta dafa bango. Kafinta ya sunkuyar da kai.

"Baiwar Allah, zauna, ban gama ba," in ji likita. "Na goshin nan guda nawa ne? Shida ko bakwai, masu baƙin kai da masu farin kai. Kurajen balaga ne, kusan duk yaro mai shekarunta yana yi, ko an yi kitso ko ba a yi ba. Ba a ɗaukar su a jikin wani, ba a ɗaukar su a tawul. Wannan ƙaramin ne. Babban shi ne na gefen baki da hanci. Ku duba, duk girmansu ɗaya, ba su da kai, kuma zafi suke yi. Fatar ta yi siriri har ana ganin jijiyoyi. Fuskar ta fi wuya haske. Me take shafawa?"



Umma ta buɗe jaka ta fito da kwalba mai shuɗin murfi.

Likita ta buɗe, ta sansana, ta ajiye.

"Me ke ciki?"

"Sirrin sana'a ne," in ji Gwaggo.

"To riƙe sirrinki." Ta juya ga Auta. "'Yata, kwalba ɗaya kwana nawa take miki?"

"Kamar kwana goma."

"Yaushe kike farawa?"

"Litinin."

"Ta ƙare Laraba ko Alhamis ta mako na biyu ke nan. Sai kuma yaushe ake ba ki wata?"

"Sai sun tashi, Umma ta je ta karɓo."

"Yaushe suke tashi?"

"Lahadi."

"Kwana uku bayan mai ya ƙare." Likita ta dubi Umma. "Mama, kitson Asabar tsakiya kawai ya faɗo. Akwai wani magani mai ƙarfi da muke bayarwa na kumburi da ƙaiƙayi, na 'yan kwanaki, kuma ba mu cika sa shi a fuska ba. Masu haɗa mai suna matsa shi a ciki don yana kwantar da komai nan da nan, yana kuma haska fata. Amma fata sabawa take yi da shi. Ranar da aka daina, sai ta yi bore, ta fi da muni. A sake shafawa, ta kwanta. Haka za a yi ta yi har fuska ta lalace. Wannan ce kwalba ta biyar mai irin murfin nan da aka kawo min a watan nan."

"Sharri ne!" in ji Gwaggo. "Shekara nawa ina haɗa mai, ba wanda ya taɓa kawo min ƙara!"

"Gwaggo, an kawo."

Auta ce. Kowa ya juya.

"Ranar da Umma ta aike ni karɓa, ina bakin ƙofa na ji matar tela tana miki kuka. Ta ce da ta daina shafawa fuskarta ta kama wuta. Kika ce ai kowa haka yake yi, maganinsa kada ta daina. Tun kafin ki ce Anti ce." Ta fashe da kuka. "Tsoro na ji. Na ce in na faɗa za a ce na yi wa babba rashin kunya. Anti, ki yafe min."

Umma ta dubi Gwaggo, kallo mai tsawo.

"Ashe kin sani."

Gwaggo ta gyara mayafi ta fice, ko jakarta ba ta ɗauka ba, sai da Kafinta ya bi ta da ita.

Mai Kitso kuwa ta zauna a ƙasa, kwando a cinya, tana kuka tana dariya.

Likita ta rubuta takarda, tana bayani tana buga biro a tebur. A daina man nan yau. Wanke fuska sau biyu a rana da sabulu marar ƙamshi da ruwa mai ɗumi kaɗan, da tafin hannu, ban da soso. Ban da matsa, ban da lemun tsami, ban da man goge baki da duk abin da maƙwabta za su kawo. Ƙwayoyi na mako shida. Wani ɗan magani na goshi kaɗai, a shafa kaɗan. A riƙa canza rigar filo, man gashi kuma a samu marar kauri, kada ya taɓa goshi.

"Ga abin da ya fi duka," ta ce. "Mako biyun farko sai ta fi haka muni. Za ku ce na kashe ta. Wanda ya koma wa kwalbar nan a lokacin, ya mai da aiki baya. Ku dawo min bayan mako uku."

* * *

Likita ba ta yi ƙarya ba. Kwana biyar fuskar Auta ta kumbura, ta yi jawur, ko murmushi ba ta iya yi. Umma ta rikice. Maƙwabta suka yi ta shigowa, kowa da nasa maganin. Ana cikin haka sai ga ɗiyar Gwaggo da sabuwar kwalba a leda, wai uwarta ta ce ko don tausayin yarinya a shafa mata sau ɗaya.

Mai Kitso na ɗakin, tana danna wa Auta tsumma mai sanyi a kumatu. Kullum kafin ta buɗe shago sai ta biyo, ba wanda ya ce ta zo, ba wanda ya hana ta. Ta ga Umma ta karɓi ledar, tana juya ta a hannu.

Ba ta da bakin hana uwa. Sai ta kamo hannun Auta ta ɗora a kan kumatunta.

"Taɓa ki ji. Kin ji ramukan nan? Rashin haƙurin mako biyu ne ya bar min su har abada. Ke kina da likita, kina da Umma. Ni ban samu ko ɗaya ba."

Auta ta shafa tabon a hankali, sannan ta dubi uwarta.

"Umma, a mayar mata. Zan jure."

Umma ta miƙa wa ɗiyar Gwaggo ledar.

"Ki ce mata mun gode."

A mako na uku jan ya fara baya, likita ta duba ta ce an kama hanya. A na huɗu Auta ta koma makaranta. A na shida ta shigo shagon Kafinta ba mayafi a hanci, ta ce ya ba ta madubin da yake sa wa durowa ta duba. Saura ƙurji biyu a goshi, na gefen baki kuwa sai ɗan duhu da likita ta ce zai washe.

"Yaya, na yi kyau?"

"Kin dai rage muni," in ji shi. Ta bi shi da guntun katako har titi.

Washegari da safe Mai Kitso na share shago sai ta ga inuwa a ƙofa. Umma ce. Ba ta taɓa taka shagon ba. Ta shigo, ta dubi tawul a igiya, ta dubi tukunyar tafasa su, sannan ta zauna kan kujera ta zare ɗankwali.

"Ki yi min kitso."

"Umma..."

"Ki yi min, na ce. Kai na kawo miki da kaina." Muryarta ta karye. "Na zalunce ki, 'yata. Na bari an zage ki a falona, ina zaune. Na ƙirga Asabar, ban ƙirga Alhamis ba."

Mai Kitso ta durƙusa ta kifa kai a gwiwarta, suka yi kuka mai isar su. Da suka natsu, Umma ta share mata ido da ɗankwalin.

"Ki gaya wa babanki ya zauna gida ranar Lahadi. Kawunnan yaron nan suna tafe. Tashi ki fara, amma ban da man nan mai kauri, ni ma ina son goshina."

Kafinta na waje tun ɗazu, ya jingina da bango yana yi kamar gyaran ƙofa ya zo.

"Ranka ya daɗe," Mai Kitso ta ɗaga murya, hanci a toshe, "ƙofar lafiyarta ƙalau."

"Ai na sani. Kunnena nake gyarawa."

"Marar kunya," in ji Umma. "Wuce ka ba mu wuri."

Ita kuwa Gwaggo, bari in ƙirga muku abin da ta rasa, don mai sha'awar halinta ya sani. Na ɗaya, sana'a: matar tela ta ji labari ta je asibiti, ta dawo ta faɗa wa kowa, cikin wata guda ba mai ƙwanƙwasa ɗakin robobi. Na biyu, surukin da ta yi wa ɗiyarta tanadi, ga shi ya tafi, ɗiyar ma ta ce ita dama ba a tambaye ta ba. Na uku, girma a gidan ɗan'uwanta: tana zuwa a gaishe ta a ba ta ruwa, amma an yanke ranar aure ba a nemi bakinta ba. Na huɗu, Auta, wadda ta goya tana jaririya, yanzu in ta miƙo mata ko turare ne sai ta dubi uwarta kafin ta karɓa. Na biyar, fuskarta ita kanta, don shekara bakwai tana shafa haɗin nata. Ranar Laraba aka gan ta a kan bencin asibiti, mayafi har hanci, tana jiran a kira ta.